Ginin Babban Gwani

In ka shiga Birnin Zariya ka isa ƙofar fada, za ka ga Masallacin Jumma'a. A cikinsa ne aka bar ragowar tsohon masallaci na ƙasa. Maginin da ya gina shi sunansa Muhammadu Durugu, ana yi masa laƙabi da Babban Gwani. Ya yi aikin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

To, da me ya yi gini? Da irin abin da ke bayan gidanka. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a cura tubali, a shanya. In ya bushe a jera shi, gindin bango da kauri, sama kuwa siriri. Itacen rufi azara ce, wadda a ke faskarowa daga giginya, don gara ba ta cika cin ta ba.

Amma azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida. Nan gwaninta ta ke. Sai magini ya kafa azara cikin bango, ta ɗan karkato ciki. Ya ɗaura wata a kanta da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Haka zai yi ta yi daga dama da hagun, har su haɗu a tsaka. Wannan shi ne bakan gizo. Mai gaggawa ba ya yin sa.

Babban Gwani bai tsaya ga masallaci kaɗai ba. A Kafin Madaki, cikin ƙasar Bauci, akwai gidan da ya gina wa Madaki. A 1956 Gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi, ba mai ikon rushe shi. A Ingila ma haka su ke tsare tsofaffin gidajen manomansu.

Masallacin Zariya kuwa, a shekarun 1970 aka rushe wani sashe, aka rufe sauran cikin sabon gini na siminti. Ni dai ina ganin an yi hasara.

Doka ba ta hana ruwa. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, azara ta ruɓe, rufi ya afka. Saboda haka kafin damina a ke yin yaɓe, a shafe da makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa.

Yau in kun koma gida, kowa ya duba indararon gidansu. Gobe ya zo ya rubuta mana abin da ya gani.