A Buɗe Kabad, a Ba Yara Littattafai

Duk wanda ya saba shiga makarantun firamare na ƙasarmu, birni da ƙauye, ya san wani kabad da ke tsaye a lungun ofishin hedimasta. An garƙame shi da kwaɗo, mabuɗin yana aljihun mutum guda, in mutumin ya tafi ta'aziyya ko karɓar albashi sai dai a jira ya dawo. A ciki akwai littattafan da hukuma ko wata ƙungiya ta kawo, wasu ko ledarsu ba a cire ba. In ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce: "Ai yaran nan yayyaga su za su yi. In masu duba makarantu suka zo suka ƙirga suka ga babu, wa zai amsa?"

Tsoron nan yana da tushe, kada a raina shi. Amma a duba abin da ya haifar. Littafin da aka ɓoye wa yaro, gara ba ta jiran mabuɗi kafin ta same shi, haka ɓera, haka raɓar damina. Bayan 'yan shekaru a buɗe a tarar da gari, yaran da aka kawo littattafan dominsu sun gama aji shida ba su taɓa karanta labari guda daga farko har ƙarshe ba. Littafin da ya tsufa a hannun yara, bangonsa ya yi laushi, gefensa ya yi baƙi, shi ne ya biya kuɗinsa. Wannan takarda kira ce ga malamai da iyaye da kwamitin kula da makaranta, a fito da littattafan nan, a kuma san yadda za a riƙe su.

Kada a ce sai an gina ɗaki na musamman. In akwai ɗakin, madalla. In babu, akwatin ƙarfe irin wanda ɗalibai ke tafiya da shi makarantar kwana ya isa a fara. A zuba littattafai talatin ko arba'in, yau akwatin yana aji uku, gobe aji huɗu, a shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya in ajin ya yi zafi. Abin da ba a iya yi ba tare da shi ba shi ne malami guda wanda aka ɗora wa aikin, kuma ya kasance shi kansa mai son karatu. A nan ake yawan yin kuskure: akan ba wanda ba shi da aikin yi, ko wanda ake neman inda za a ajiye shi. Malamin da bai karanta abin da ke cikin akwatin ba, in yaro ya ce, "Malam, wanne ne mai daɗi?" me zai ce masa?

To, waɗanne littattafai za a zuba? A fara da harshen da yaro ke mafarki da shi. Yaron da ke fama da haɗa baƙi da wasali, a kuma ɗora masa harshen da bai ji ba, an haɗa masa wahala biyu a lokaci ɗaya. In ya iya karatu da Hausa har ya ji daɗinsa, ƙwarewar za ta bi shi zuwa Turanci da Larabci. Mu kuwa ba matalauta ba ne a wannan fanni. Tun a 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dakta R. M. East, ta sa gasar ƙaga labari, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dalilin gasar kuwa shi ne wanda muke magana a kai yau: an koya wa mutane karatun boko, amma ba su da abin karantawa don nishaɗi. Daga 1937 Imam ya kawo Magana Jari Ce, littafi uku. Bayansu ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda yaro ya yi tafiya sararin sama, ga kuma Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida. Ƙanana 'yan aji ɗaya da biyu su kuma a nema musu masu manyan baƙaƙe da hotuna, irin littattafan Mu Karanta da aka raba a makarantun jihohin Bauchi da Sakkwato. Na Turanci masu sauƙi su shigo, amma kada su kori na gida.

Sai a yi hattara da kyauta. Wani bawan Allah zai share ɗakinsa ya kawo buhu guda na littattafan jami'a, ko tsofaffin mujallun da ko shi ya gaji da su. A gode masa, a yi masa addu'a, amma kada a cika akwatin yara da su don a ce muna da littattafai ɗari biyar. Ashirin da yara ke wawaso sun fi. Kowane littafi malami ya karanta shi tukuna, don akwai labaran da aka rubuta wa manya, ba su dace da ɗan shekara tara ba ko da da Hausa suke.

Tsare littafi ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ɗora akwati ko kabad a kan bulo, a janye shi daga jikin bango, don ta ƙasa da bango gara ke hawa. A zuba busasshen ganyen darbejiya a ciki saboda ƙwari. In damina ta wuce a fito da su su sha iska a inuwa, da hunturu kuma a riƙa kaɗe ƙura. Sabon littafi, tun kafin ya shiga hannun kowa, a yi masa riga da takarda mai kauri, ta buhun siminti ma ta yi in an kakkaɓe ta. A ajiye gam da allura da zare. Shafi ya ɓalle, a liƙe shi a ranar, kada a bari ya kwana, don wanda ya kwana ba a cika ganinsa ba kuma. Wannan aiki 'yan aji biyar da shida za su yi shi da murna in an nuna musu, kuma yaron da ya ɗinke littafi da hannunsa ba zai yarda wani ya wulaƙanta shi ba. Dama yaranmu sun taso da ladabin takarda daga makarantar allo da Islamiyya, sun san ba a taka rubutu. Tunatarwa kawai suke bukata: a wanke hannu, kada a naɗe littafi a cusa a aljihu, kada a ba ƙanin da ke rarrafe.

Rajista kuwa littafin rubutu guda ne. Kowane littafi a ba shi lamba, a buga masa hatimin makaranta. A rubuta sunan mai aro, ajinsa, lambar littafi, ranar ɗauka, ranar dawowa. Monita biyu, mace da namiji, su riƙe alƙalami, malami yana dubawa. Wannan rajista ita ce amsar mai tsoron bincike: ga inda kowane littafi yake.

Yanzu ga babbar magana, wadda ta fi duk waɗannan. Tara littattafai daban, sa yaro ya so su daban. Ba a cusa wa yaro son karatu da bulala, kuma malamin da ke hukunta mai surutu da cewa "je ka ɗauki littafi ka zauna" yana koya wa ajin cewa karatu horo ne. Hanyar da ta fi ci ita ce malami ya karanta musu a bayyane, kullum, ko na minti goma ne. Ya canza murya, ya yi ta Gizo da tsamin bakinsa, ya yi ta sarki da nauyinta, ya tsaya ya tambaya, "Me kuke gani zai faru?" In labari ya kai inda kowa ya buɗe baki, sai ya rufe littafin ya ce lokaci ya yi, mai son jin ƙarshe ga littafi nan a akwati. Dabarar tsohuwa ce. Da ita aku ya tsare Musa ɗan sarki a gida a cikin Magana Jari Ce, yana ja masa labari bayan labari har gari ya waye. Malamin da ya gwada zai ga yara suna layi a bakin akwati kafin ya ajiye alli.

A bar yaro ya zaɓi abin da yake so. In ɗan aji biyar ya ɗauki littafin 'yan aji biyu, kada a kunyata shi, a nan ƙarfinsa yake, daga nan zai hau. In yarinya ta ari littafi ɗaya sau huɗu, a ƙyale ta, maimaici ne ke sa harshe ya saki. Mai in-ina ko mai tuntuɓe kada a tsayar da shi gaban aji ana dariya, a haɗa shi da aboki su karanta su biyu a gefe. Kuma kada a ce duk wanda ya karanta labari sai ya amsa tambayoyi goma a rubuce. Ya isa a ce, "Ba mu labarin abin da ka karanta."

Littafi ya je gida, a nan ne gardama take. Ra'ayina, a bari ya je, kwana uku ko mako guda. Wasu za su ɓace, gaskiya ne, a sa wannan cikin lissafi tun farko kamar yadda manomi ke sanin ba duk irin da ya shuka ke tsirowa ba. In an tsananta tara, iyaye za su hana 'ya'yansu aro gaba ɗaya, kuma 'ya'yan marasa hali ne za su fara janyewa, alhali su ne ba su da ko littafi guda a gida. Yaron da ya ɓatar, a kira mahaifinsa a yi magana cikin mutunci. In da hali ya maye, in babu yaron ya taya gyaran littattafai na mako biyu, a ci gaba da ba shi aro.

Ku kuma iyaye, ba sai kun yi boko za ku taimaka ba. Uwa tana tankaɗe, ta ce, "Zo ki karanta mini in ji." Uba bayan sallar isha'i ya haska wa ɗansa tocila na ɗan lokaci. A lura da 'yan mata musamman, don tsakanin talla da wanke-wanke da raino, sau da yawa littafin yakan koma makaranta ba a buɗe shi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatu ga kowane yaro a Nijeriya, mace da namiji, amma doka ba ta iya shiga gida ta rage wa yarinya aiki na rabin sa'a. Wannan sai uwa da uba.

In littattafai sun yi kaɗan, yara su rubuta nasu. Kowa ya je wurin kakarsa ya karɓo tatsuniya ko kacici-kacici ko tarihin unguwarsu, ya rubuta da kyakkyawan hannu, mai iya zane ya yi hotuna, malami ya gyara ƙa'idar rubutu, a ɗinke, a ba shi lamba kamar kowane littafi, da sunan marubucin a bango. Kwamitin makaranta da tsofaffin ɗalibai kuma a roƙe su abu ƙayyadadde: kowa littafi guda a shekara, daga jerin sunayen da malami ya rubuta, ba abin da ya ga dama ba.

Ƙarshen kowane zango a zauna da rajista a ƙirga. A ware waɗanda suke bukatar ɗinki, a rubuta waɗanda suka ɓace, a sanar da hedimasta a rubuce ya sa hannu. Sannan a duba wane littafi aka fi ara, wanne ne ba wanda ya taɓa, wane aji ne ba ya zuwa, waɗanne yara ne sunansu bai fito ba ko sau ɗaya. Littafin da aka fi ara a nemi kwafi biyu ko uku nasa kafin a dawo hutu. Yaran da sunansu bai fito ba kuwa, da su malami zai fara a makon farko na sabon zango.