Yadda Sakamakon Bincike Ke Zama Labari

Ranar 26 ga Oktoba, 2015, cibiyar nazarin cutar sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira IARC, mai mazauni a birnin Lyon na Faransa, ta fitar da gajeriyar sanarwa kan cin nama. Kafin rana ta faɗi, jaridu da gidajen rediyo a sassan duniya sun ɗauka cewa tsiran alade da sauran naman da aka sarrafa sun shiga sahu ɗaya da taba sigari wajen haddasa sankara. Bayan kwana uku, dole hukumar ta sake fitowa ta bayyana cewa ita fa ba ta ce a daina cin naman ba, ragewa kawai take nufi. Wanda ya bi sawun labarin daga tushe zai tarar babu inda wani ya zauna ya ƙaga ƙarya. Abin da ya faru shi ne sakamakon ya bi ta hannuwa da dama, kowane hannu ya taƙaita shi, kuma a duk taƙaitawa sai an yar da wani sharaɗi. Haka ake kawo rahoton bincike a ko'ina, na lafiya ne ko na aiki ko na zaman jama'a, don haka ingancin rahoto ya rataya ne a kan abin da aka zaɓa a yar da abin da aka riƙe.

Tafiyar tana farawa tun kafin a samu sakamako, daga irin binciken da aka yi. Akwai gwajin da ake raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wa waɗannan magani a hana waɗancan, sannan a ga bambanci. Akwai kuma binciken da ake zuba wa mutane ido kawai, a tambaye su abin da suke ci, a bi su shekara da shekaru a ga wa ya kamu da me. Ba wanda zai iya tilasta wa dubban mutane cin tsiran alade kullum har shekara ashirin, saboda haka yawancin hujjar nama daga nau'i na biyu ta fito. Matsalarsa sananniya ce: mai yawan cin irin wannan nama yana iya zama kuma mai shan taba, mai ƙiba, marar motsa jiki, kuma ko da masu bincike sun yi lissafin cire waɗannan, ba su da tabbacin sun tsince su duka. Masana 22 daga ƙasashe 10 da suka zauna a Lyon sun duba nazarce-nazarce sama da 800, suka haɗa da abin da aka gano a ɗakunan gwaji game da sinadaran da ke cikin naman, kafin su yanke cewa hujjar ta isa. Adadin da ya yi suna kuwa, wato ƙarin kashi 18 cikin 100 na haɗarin sankarar babban hanji ga duk giram 50 da ake ci kullum, an samo shi ne daga tattara manyan nazarce-nazarce goma.

Daga nan sai a rubuta a miƙa wa mujallar ilimi, edita ya aika wa masana biyu ko uku na fannin su tace. Jama'a kan ɗauki wannan tacewa kamar hatimin gaskiya, alhali masu tacewar galibi rubutun kawai suke gani, ba sa sake gwajin, ba sa ma ganin ɗanyen alƙaluman. A 1998 mujallar The Lancet, wadda tana cikin manyan mujallun likitanci na duniya, ta buga nazarin Andrew Wakefield kan yara 12 kacal, wanda ya sa iyaye da yawa a Birtaniya suka guji rigakafin ƙyanda. Ya bi ta wannan rariya ya wuce.

Mataki na uku shi ne wanda mai sauraro bai san da shi ba, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Jami'a ko mujalla ko hukuma tana da ofishin yaɗa labarai, inda ake mai da rubutu mai shafi goma ko ashirin ya koma sanarwar manema labarai mai shafi ɗaya ko biyu. Ana raba ta ga 'yan jarida 'yan kwanaki kafin a buga nazarin, da sharaɗin kada kowa ya fitar sai ranar da aka sa da sa'ar da aka sa. Jami'a tana son a ji sunanta, mai bincike yana son masu ba da kuɗi su ga aikinsa ya yi amo, kuma sanarwa marar gishiri ba ta jan ido. Masu bincike a Jami'ar Cardiff sun auna wannan, suka buga sakamakon a mujallar BMJ a 2014. Sun ɗauki sanarwa 462 kan lafiya da manyan jami'o'in Birtaniya 20 suka fitar a 2011, suka gwada kowacce da nazarin da ta fito daga ciki da kuma labaran da aka rubuta a kanta. Kashi 40 cikin 100 sun ba da shawarar da ta zarce abin da nazarin ya ce, kashi 33 sun mai da alaƙa ta zama sanadi, kashi 36 sun ɗauki abin da aka gani a dabbobi sun ɗora wa mutane. Inda sanarwa ta mai da alaƙa sanadi, kashi 81 na labaran sun bi ta. Inda ta tsaya a kan gaskiyar nazarin, kashi 18 ne kawai suka zuzuta da kansu. Ashe ruwan tun daga rijiya yake gurɓata, ɗan jarida ɗiba kawai ya yi.

Sanarwar Lyon ba ta yi ƙari ba, amma ta bar giɓi. Ta ce an sa naman da aka sarrafa a rukuni na 1, na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, jan nama kuma a rukuni na 2A, na waɗanda ake kyautata zaton suna haddasa ta. Taba sigari ma tana rukuni na 1, kuma daga nan kanun labarai suka samo abin faɗa. Sai dai rukunan IARC ƙarfin shaida suke aunawa, ba girman illa ba. Alƙali yana iya tabbatar da laifi a kan wanda ya saci kaza da wanda ya kore garken shanu, shaidu sun cika a kan kowannensu, amma ba wanda zai ce asarar ɗaya ce. Cibiyar ta san haka, har ta kawo alƙaluma a wata takardar tambayoyi da amsoshi da ta raka sanarwar: kimanin mutum 34,000 ke mutuwa da sankara duk shekara a duniya ta dalilin yawan cin irin wannan nama, taba kuwa kusan miliyan ɗaya, giya 600,000. Bayanin da ya fi kowanne amfani ga mai karatu an ajiye shi a takarda ta biyu, wadda mai gaggawa ba zai buɗe ba.

Yanzu sanarwa ta iso teburin ɗan jarida, kuma a nan ne aikin ƙwarai yake bambanta da aikin kwafa. Tambaya ta farko ita ce: kashi 18 na me? Ƙarin kashi 18 a kuɗin allura da ƙarin kashi 18 a kuɗin sa ba su zama ɗaya ba, kowace 'yar kasuwa ta san wannan. A Birtaniya, kimanin mutum 6 cikin 100 ne ke kamuwa da sankarar hanji a tsawon rayuwarsu. Idan mutum ɗari suka riƙa cin ƙarin giram 50 kullum har ƙarshen rayuwa, shidan nan za su koma wajen bakwai. Mutum ɗaya cikin ɗari ba wasa ba ne a ƙasa mai miliyoyin jama'a, shi ya sa hukumomin lafiya ke damuwa, amma ga mai zaune gaban akushinsa magana ce dabam da abin da kashi 18 ke jefawa a zuciya. Tambaya ta biyu: a kan su wa aka yi binciken, mutane ko ɓeraye, goma sha biyu ko dubu ɗari? Ta uku: wa ya rubuta rahoton, kuma me yake so? Sannan a kira wani masani da ba shi da hannu a aikin a ji ta bakinsa.

Tambaya ta ukun nan ta fi tsanani a binciken aiki da zaman jama'a, inda rahoto sau da yawa ba ya bi ta mujallar ilimi sam. A Yulin 2021 labari ya karaɗe duniya cewa ƙasar Iceland ta gwada aikin kwana huɗu a mako kuma ta yi gagarumar nasara. Gwajin gaskiya ne: tsakanin 2015 da 2019 hukumar birnin Reykjavik da gwamnatin ƙasar sun rage wa ma'aikata kimanin 2,500 lokacin aiki ba tare da rage albashi ba. Amma abin da aka gwada shi ne saukowa daga sa'a 40 zuwa 35 ko 36 a mako, wanda bai kai cire yini guda cur ba. Ƙungiyoyi biyu da suka rubuta rahoton, Alda ta Iceland da Autonomy ta Birtaniya, masu fafutukar rage lokacin aiki ne. Wannan bai sa sakamakon ya zama ƙarya ba, amma mai karatu yana da haƙƙin sanin cewa mai tallan hajar ne ya auna masa ita.

Kanun labari yawanci ba wanda ya rubuta labarin ne ke sa shi ba, edita ne, kuma kalmomi bakwai ko takwas yake da su. Ga mai sauraron Hausa akwai ƙarin hannu guda, wato fassara daga Turanci ko Faransanci a ɗakin labarai, cikin minti kaɗan kafin a shiga situdiyo. «Yana da alaƙa da» ta fi «yana haddasa» nauyi a baki, don haka ita ake fara jefarwa, kuma da faɗuwarta nazarin ya ce abin da bai ce ba. Ma'anar da IARC ta ba naman da aka sarrafa ta haɗa da wanda aka yi wa gishiri, aka kyafe ko aka adana, har ta ba da misalin busasshen naman shanu irin na Afirka ta Kudu da Amurka, wanda ɗan'uwan kilishi ne ta wajen yi. Sai dai manyan nazarce-nazarcen daga Turai da Amurka da Japan suka fito. Rahoton kirki a Hausa zai faɗi dukkan biyun. Wanda aka tura ta WhatsApp kuwa, ba suna ba kwanan wata, kilishin kawai yake riƙewa.

Za a ce labarin rediyo daƙiƙa arba'in ne, ina wurin zuba duk waɗannan sharuɗɗa? Ƙorafin yana da tushe, ba kuwa wanda ke neman a karanta wa mai sauraro nazarin baki ɗaya. Amma «daga shida cikin ɗari zuwa bakwai» bai fi «ƙarin kashi goma sha takwas cikin ɗari» tsawo ba, kuma kalmar «ɓeraye» ba ta cin daƙiƙa guda. Za a kuma ce labari mai taka-tsantsan ba ya sayuwa. Masu binciken Cardiff sun duba wannan ma, ba su ga wata hujja mai ƙarfi cewa sanarwar da aka zuzuta ta fi samun shiga jaridu ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa ɗan tsoro yana da amfani, in dai zai sa mutane su rage abin da ke cutar da su. Birtaniya ta ga ƙarshen wannan tunani a Oktoban 1995, lokacin da kwamitin kula da ingancin magunguna ya yi gargaɗin cewa sababbin ƙwayoyin tsarin iyali suna ninka haɗarin daskarewar jini. Ninkin gaskiya ne, amma daga wajen mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2. Mata da yawa suka watsar da maganin nan take, aka kuma ƙiyasta ƙarin zubar da ciki kimanin 13,000 a Ingila da Wales a shekarar da ta biyo baya, ga shi kuma juna biyu da kansa ya fi ƙwayar jawo daskarewar jinin. Tsoro ba ya tsayawa inda wanda ya tayar da shi ya so. Kuma wanda aka gaya wa yau cewa nama daidai yake da taba, gobe ya ji an janye, jibi idan aka zo masa da maganar rigakafi zai ce ai haka suka saba.

Mataki na ƙarshe shi ne gyara, kuma shi ne mai tafiyar hawainiya. The Lancet ba ta janye nazarin Wakefield baki ɗaya ba sai 2010, shekara 12 bayan bugawa. A fagen tattalin arziki, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff a nazarinsu na 2010 sun nuna cewa ƙasar da bashinta ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, bunƙasarta kan durƙushe, 'yan siyasa a Turai da Amurka suka yi ta kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. Sai a 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da malamansa biyu suka karɓi ainihin jadawalin lissafin, suka tarar an tsallake wasu ƙasashe bisa kuskure, kuma da aka gyara wannan da sauran matsalolin, matsakaicin bunƙasar ya tashi daga ƙasa da sifiri kaɗan zuwa kashi 2.2. Shi kuwa cikakken littafin IARC kan nama, kundi na 114, wanda ya ƙunshi hujjojin da masana 22 ɗin suka dogara da su, sai a 2018 ya fito, fiye da shekara biyu bayan an gama cece-kuce a kan kanun labaran.