Tashe da Durƙushewar Kamfanin Ahrens-Fox Mai Ƙera Motocin Kashe Gobara a Cincinnati

1.0 Gabatarwa

Wannan muƙala ta bibiyi tarihin kamfanin Ahrens-Fox na birnin Cincinnati da ke jihar Ohio ta Amurka, domin gano yadda fasahar da ta ɗaukaka shi ta zamo daga cikin musabbaban faɗuwarsa.

2.0 Asalin Kamfanin

A shekarar 1853 ne Cincinnati ta kafa rundunar 'yan kwana-kwana masu albashi, masu aiki da injin tururi. A wannan muhalli Chris Ahrens ya buɗe masana'antarsa, wadda ta shiga haɗakar American Fire Engine Company a 1891. Daga bisani iyalansa suka ɓalle tare da surukinsa Charles H. Fox, tsohon jami'in kashe gobara, aka raɗa wa sabon kamfanin suna Ahrens-Fox a 1910.

3.0 Fasahar da Ta Fito da Shi

Kamfanin ya yi fice ne da famfo mai fistin, wanda ake girkawa a goshin mota. Irin wannan famfo yana tunkuɗa ruwa ne bugu-bugu, don haka aka ɗora masa dunƙulalliyar tukunyar ƙarfe mai sheƙi. Iskar da ke matse a cikinta takan shanye bugun, sai ruwa ya fita ta mesa ba yankewa. Wannan tukunya ita ta zamo tambarin kamfanin, kuma motocinsa sun kai har birnin Rotterdam na ƙasar Holan.

4.0 Dalilan Durƙushewa

Famfon fistin yana da nauyi da tsada da wuyar gyara, yayin da famfo mai juya farfela ya fi araha da sauƙin kulawa. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, sai hukumomin birane suka tsuke bakin aljihu. Kamfanin LeBlond-Schacht ya karɓe ragamarsa a 1936. Motar fistin ta ƙarshe ta fito a 1952, sannan aikin ya koma hannun C.D. Beck, wanda Mack ya saye a 1956.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa ingancin kaya kaɗai ba ya raya masana'anta. Kamfanin da kasuwarsa ta dogara ga baitulmalin birane, ya kuma daɗe yana riƙe da fasahar da masu saye suka fara juya wa baya, ƙarshensa sunansa ya wanzu amma ƙirarsa ta koma gidan tarihi.