Darasi Na Goma Sha Huɗu: Tayar Da Kwamfuta Daga Faifan Waje

A makarantu da yawa akwai kwamfutar tebur da aka jingine a lungu, ƙura ta rufe ta. In an kunna ta, fanka takan juya, fitila ta kama, amma babu abin da ke fitowa a fuskarta sai ɗan rubutun Turanci a kan baƙin allo. Sai a ce ta mutu. Sau da yawa kuwa da sauran ranta. Faifan da take ajiye bayanai ne kaɗai ya lalace, kuma ana iya ba ta wani daga waje.

Kafin mu ga yadda ake yin haka, ya kamata mu san abin da ke faruwa da zarar an danna maɓallin kunnawa. Abin da ke fara aiki shi ne wata 'yar ƙaramar manhaja da aka dasa a cikin kwamfutar tun daga masana'anta. Sunanta BIOS a tsofaffin kwamfutoci, a sababbi kuma UEFI. Ita ce take duba kayan cikin na'urar, sannan ta nemi babbar manhaja, kamar Windows ko Linux, ta miƙa mata ragama. Tana da jerin wuraren da take dubawa bi da bi, kamar baƙo mai neman masauki gida-gida. Inda ta fara samu, nan take tsayawa. Ba ruwanta da ko faifan yana ciki ko yana waje, muddin an sa shi a jerin.

Faifai iri biyu ne. Tsohon yana da faranti mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke karanta bayanai a kansa. Duk abin da ke motsi kuwa yana gajiya, faɗuwa ɗaya ma tana iya kashe shi. Sabon, wato SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa. Yana ajiye bayanai kamar yadda katin ajiya na wayar salula yake yi, ga sauri, ga shiru. Ana kiransa faifai ne kawai saboda sabo. Na waje yakan zo a ɗan ƙaramin gida da ke shiga aljihu, da igiyar da ake sokawa a kafar USB.

Sai dai saurin SSD ba ya wuce saurin kafar da aka jona shi. Kafar USB 2.0 ba ta wuce megabit 480 a daƙiƙa, ita kuwa USB 3.0 tana kai gigabit 5, wato kusan ninki goma. Galibi cikin kafar USB 3.0 shuɗi ne. Wanda ya jona SSD a tsohuwar kafa, kwamfutarsa za ta tashi, amma da nawa, kamar dokin sukuwa da aka yi wa dabaibayi. An kuma fi so a yi amfani da kafofin bayan kwamfuta, domin sun fi na gaba aminci.

Mataki na farko shi ne a sanya babbar manhaja a kan SSD ɗin. Kwafe fayiloli daga tsohon faifai zuwa sabo ba ya wadatarwa, dole a girka ta. Ubuntu, wanda wani nau'in Linux ne na kyauta, yana girkuwa a faifan waje ba tare da gardama ba. Windows ya fi taurin kai, don ba ya yarda a girka shi ta USB kai tsaye. Kamfanin Microsoft ya fito da wata hanya mai suna Windows To Go a 2012, amma a 2019 ya sanar da daina bunƙasa ta. Yanzu mutane sukan nemi taimakon wata manhajar kyauta mai suna Rufus.

A nan ne haɗari mafi girma yake. Lokacin girkawa, kwamfuta takan tambaya a wane faifai za a sa manhajar, kuma wanda aka zaɓa ana iya goge duk abin da ke kansa. Idan faifan ciki yana da rai, yana ɗauke da sakamakon jarrabawa ko hotunan iyali, kuskuren danna layi ɗaya ya isa ya tafi da su. Saboda haka a fara kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri. Sannan a karanta sunan kowane faifai da girmansa a tsanake, sau biyu. Masu gyara da suka san aiki sukan kashe wuta su cire igiyar faifan ciki tukuna, don kada ma a sami abin ruɗewa.

Bayan an gama girkawa, sai a kashe kwamfuta, a jona SSD, a sake kunnawa. Da zarar tambarin kamfani ya bayyana, a yi ta danna maɓallin da ke buɗe jerin zaɓi. A Dell da Lenovo yawanci F12 ne, a HP kuma F9. Lokacin gajere ne, in ya wuce sai a sake gwadawa. A jerin da ya fito, a zaɓi sunan SSD. Wanda yake son ta riƙa tashi daga can kullum, sai ya shiga saitin BIOS ya ɗaga faifan zuwa saman jeri, ya adana.

Wani lokaci faifan ba ya fitowa a jerin sam. A fara da abu mai sauƙi, a canza kafa ko igiya. In ya ƙi, mai yiwuwa an shirya faifan da tsarin GPT wanda UEFI yake so, alhali kwamfutar tsohuwa ce mai neman tsarin MBR.

Yayin da kwamfuta take aiki daga faifan waje, igiyar nan ita ce ranta. In an fizge ta, ko wutar lantarki ta ɗauke ana cikin rubuta bayanai, aiki yana iya salwanta, manhajar ma ta lalace. Kuma kada ku tayar da kwamfutar wani daga faifanku sai da izini, domin yin haka yana iya buɗe fayilolin mai ita, in ba a kulle su ba. Wannan ne ya sa ofisoshi da dama suke sa wa BIOS kalmar sirri.

Ma'anar Kalmomi

nawa: rashin sauri
dabaibayi: igiyar da ake ɗaure ƙafafun dabba da ita
girka: kafa abu ya zauna daram
salwanta: ɓacewa ko lalacewa

Nahawu

Ku lura da waɗannan jimloli: Kwamfuta ta tashi. Malama ta tayar da kwamfuta. A ta farko abu ya faru da kansa, a ta biyu wani ne ya sa ya faru. Haka ma shiga da shigar da, fita da fitar da, sauka da saukar da. Ku gina jimla ɗaya da kowannensu.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin BIOS?
2. Me ya bambanta SSD da tsohon faifai?
3. Don me ake neman kafa mai launin shuɗi?
4. Wane kuskure ne ya fi haɗari lokacin girkawa, kuma yaya ake kauce masa?
5. Ku rubuta wa ƙaninku matakan tayar da kwamfuta daga faifan waje, cikin jimloli shida.