KUFAN MAJAMI'A A TSIBIRIN SIR BANI YAS

Karanta: Mahukunta 2:6-10, Maimaitawar Shari'a 6:4-9, 1 Bitrus 2:4-5.

Ya ɗan'uwana mai karatu, ka san kufai. A ƙasar Adar, in ka fita gona ko kiwo, kakan iske wurin da ba kowa, sai tsingaro, da dutsen niƙa, da rijiya wadda ta cike. Tsofaffi su ce maka, "Nan gari ne dā." Yau ina so in ba ka labarin wani kufai mai nisa, domin akwai faɗakarwa a cikinsa gare mu.

Inda kufan yake

Can gabas da Makka, a bakin Tekun Fasha, akwai ƙasar da ake kira Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda birnin Dubai yake. Kusa da gaɓar ƙasar akwai wani tsibiri, wato tudu wanda ruwa ya kewaye, sunansa Sir Bani Yas. A shekarar 1992 masu binciken kayan tarihi suka ga alamar gini a ƙarƙashin rairayi. Da suka tona, suka sami gutsattsarin shafen bango na farar ƙasa, da zanen gicciye a kansu. Ashe majami'a ce!

Suka ci gaba da tono, suka sami ɗakunan kwana, da madafa, da ramin tara ruwan sama, da kaburbura. Masana sun ce an gina wurin wajen shekara ta 600 bayan haihuwar Almasihu. Maza wajen 30 ne suka zauna ciki, waɗanda suka keɓe kansu domin addu'a da karatun Littafi, ba su yi aure ba. Suna kiwon tumaki da awaki, suna su, suna karɓar baƙi daga jiragen fatake. Su na Ikilisiyar Gabas ne, wadda take sujada da harshen Suriyanci, ɗan'uwan Aramiyanci da Ubangiji Yesu ya yi magana da shi.

Ba su kaɗai ba ne. An sami irin wannan kufai a tsibirin Failaka na Kuwait, a 2022 kuma aka sanar da wani a tsibirin Siniya. A shekara ta 676 shugabannin ikilisiyoyin wannan gaɓa har taro suka yi a Darin, a tsibirin Tarut na ƙasar Saudiyya ta yau.

Abu na fari da za mu koya

Sau nawa aka ce maka bin Yesu addinin Turawa ne? Gaskiya ce Turawan mishan suka kawo mana bishara. Sun sauka Damagaram a 1924, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Amma dubi kufan nan. Shekara fiye da 1,300 kafin a aza tubalin Galmi, mutanen gaɓar Larabawa suna durƙusa da sunan Yesu. Ranar Fentikos ma akwai Larabawa cikin masu jin wa'azi (Ayyukan Manzanni 2:11). Kada ka ji kunya. Ka amsa da tawali'u, ba da gardama ba.

Ka lura kuma, mutanen nan sun daɗe suna zaune tare da maƙwabtansu Musulmi. A yau ma gwamnatin Musulmi ce take tsaron kufan, ta buɗe shi ga masu ziyara a 2010.

Abu na biyu, wanda ya fi nauyi

Wajen shekara ta 750 wurin ya zama kufai. Masu tono ba su ga alamar yaƙi ba. Mutane ne suka ragu, har ranar da ba wanda ya kunna fitila. Iska ta kawo rairayi ta rufe ginin, aka manta da shi shekara fiye da 1,200.

Ɗan'uwana, mu kullum tsoronmu tsanani ne. Amma gara ta fi gobara cin rumbu, gama ita ba ta hayaƙi. Ikilisiya tana iya mutuwa ba wanda ya jefe ta da dutse. Haka ya faru bayan mutuwar Joshuwa: tsarar da ta ga ayyukan Ubangiji ta shuɗe, wata ta taso wadda ba ta san shi ba. Ba abokan gaba suka fara cin Isra'ila ba, shirun iyaye ne.

Mu duba gidajenmu a Madawa, da Buza, da Keita. Iyayenmu sun sha kora da gori saboda bangaskiya, waɗansu an hana su gona, waɗansu an hana su mata. Mu mun gāji abin a sauƙaƙe. Da an gama girbi samari sun tafi cin rani, wani Abijan, wani Libiya, wani haƙar zinariya a arewa. Mukan ɗaure masu gari da ƙuli-ƙuli. Maganar Allah fa, mun sa masu a zuciya? Ni kaina na yi shekaru ina wa'azi a majami'a, alhali a gidana ba na tara yara ga addu'a. Ina cewa aikin malamin makarantar Lahadi ne. Sai ran da na tambayi ɗana dalilin mutuwar Yesu, ya yi shiru yana duban ƙasa. Daren nan ban yi barci ba.

Musa ya umarci iyaye su koya wa 'ya'yansu a zaune cikin gida, da a kan hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Bai ce a jira fasto ba.

Me za mu yi?

Kun tuna aikin raya ƙasa na Keita da aka fara a 1984, yadda mata suka ɗebo duwatsu a ka, aka jera su a gangare. Dutse ɗaya a warwatse ba ya tare kome. Amma jerarru suka tare ruwa, ƙasa ta zauna, fako ya yi hatsi. Bitrus ya kira masu bi duwatsu masu rai. Kowane gida layi ɗaya ne. In layinka ya tsinke, ta nan ruwa zai yi kwari.

Saboda haka, bayan tuwon dare, ku shimfiɗa tabarma. Wanda ya iya karatu ya karanta aya biyar, ko da yaro ne. Uba ya bayyana, uwa ta ta da waƙa, a yi addu'a. Wanda yake cin rani a kira shi ta waya a yi addu'a tare. Ku fara yau, gama da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Ubangiji ya yi alkawari Ikilisiyarsa ba za ta ƙare a duniya ba. Amma bai ce fitilar kowane gari za ta dawwama ba (Wahayin Yahaya 2:5).

Tambayoyi domin iyali

1. Wane ne ya fara karɓar bishara a danginku? Yaranku sun san labarinsa?
2. Yaushe rabon gidanku da addu'a tare?
3. In kai ka rasu bana, wa zai kunna fitila?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka gafarta mana shirunmu. Kada ka bar gidajenmu su zama kufai. Cikin sunan Yesu, Amin.