Adon Ɗaki: Daga Tiyebele Zuwa Ɗakin Kaka

 

Darasinmu na wannan mako gardama ce ta haife shi. A taron ƙungiya na ranar Laraba aka kawo shawarar a yi wa bangon da muke manna wannan mujalla ado, tunda fentinsa ya koɗe, ruwan damina kuma ya zana masa taswira. Wata 'yar ƙungiya ta zo da hoton da ta yanko daga tsohuwar kalanda. Gida ne a Afirka ta Kudu, bangonsa ya sha ja da shuɗi da kore da ruwan ɗorawa, kowane launi an kewaye shi da baƙin layi. Kowa ya yaba. Sai wani ɗan aji biyu ya ɗaga hannu ya ce ai ɗakin kakarsa ma a ƙauye haka ake yi masa, da jar ƙasa da farar ƙasa. Aka fashe da dariya, wani daga baya ya ce, "Wannan ai ƙauyanci ne." Yaron ya ja bakinsa ya yi shiru har aka tashi.

Da mu aka yi dariyar, ba za mu ɓoye muku ba. Amma da muka zauna neman bayanin hoton domin mu rubuta muku, sai muka tarar yaron ya fi mu gaskiya. Gidan da muka yaba da ɗakin da muka yi wa dariya 'yan uwa ɗaya ne.

Gidan da ke cikin hoton na mutanen Indebele ne, waɗanda da yawansu ke lardin Mpumalanga. A wurinsu zanen bango aikin mata ne, uwa ke koya wa 'yarta. Tun asali da ƙasa mai launi da kashin shanu suke yi, suna jan layi da yatsa tun yaɓen yana ɗanye. Daga baya fentin kanti ya shigo, launukan suka ƙara haske, amma hannun bai sauya ba: ba rula, ba igiyar awo, ido ne kawai da natsuwa. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Esther Mahlangu, an haife ta a 1935, ta fara koyo wajen mahaifiyarta da kakarta tana da kamar shekara goma, kuma gashin kaza ne burushinta. A 1989 aka gayyace ta wani babban baje kolin zane a birnin Faris, a 1991 kuma kamfanin BMW ya ba ta mota ta zane ta da irin zanen bangon garinsu. Ku lura, ba ta bar zanen ƙauye ta koyi na birni ba kafin a san ta. Na ƙauyen ne ya kai ta.

Amma inda abin ya fi kama mu shi ne Tiyebele, wani gari a kudancin Burkina Faso kusa da iyakar Gana, garin mutanen Kasena. Maza ne ke gina ɗakunan da laka, mata su yi musu ado. Aikin gayya ne, ana yin sa da rani kafin ruwa ya sauka, tsohuwa mai gwaninta tana gaba tana nuna inda kowane zane zai zauna. Launi uku kacal suke amfani da su, kuma duk daga ƙasa suke fitowa: ja daga jar ƙasa, fari daga farar ƙasa, baƙi daga wani dutse da ake niƙawa. Da gashin zabo ake jan layi. Cikin zanen akwai jerin siffofi masu kusurwa uku da ke wakiltar sakaina, akwai masu kama da raga, akwai kada da maciji da ƙadangare. In an gama sai a ɗauki dutse mai santsi a yi ta goge bangon, kowane launi daban domin kada su shiga juna. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya gidan sarautar Tiyebele cikin wuraren tarihi na duniya.

To ga inda muka yi tsit. Abu na ƙarshe da matan Kasena ke yi shi ne su dafa ɓawon ɗorawa su yayyafa ruwansa a bangon, domin ya yi sheƙi kuma ya jure ruwan sama. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya riga ya gane abin da muke nufi. Makuba ce. Ita ce dai wadda iyayenmu ke zubawa in ana daɓen ɗaki, mata sun jeru da madaɓai suna waƙa har ƙasa ta yi tauri ta yi duhu-duhu tana ƙyalli. Itace guda ya ba mu kalwar daddawa, ya ba mu garin da muke kiran launin rawaya da sunansa, ya ba mu abin kare bango. Dama ku duba yadda muke kiran launuka: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa. Mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye sun daɗe suna kallon launi da kyau.

Maginan Hausa ba su tsaya kan makuba ba. Suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga karofin rini, da gashin jima daga majema, da dafara. Ku duba wannan dabara: sharar marina da sharar majema ce ta zama simintin magina. Da tubali da azara suke ɗaga bakan gizo a cikin soro, su haɗa su a tsakiya, sau da yawa su kafa tasa ko kwano mai ƙyalli a daidai mahaɗar, yadda duk wanda ya shigo ya ɗaga kai sai idonsa ya sauka a kansa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, har yau masu karatun gine-gine a jami'o'i suna nazarin aikinsa. A Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram akwai gidajen da aka yi wa zanen tudu da kwari a fuskar zaure, da dagi, da takobi, har da keke da mota da agogo lokacin da waɗannan suka shigo ƙasar. Magini bai ji tsoron baƙon abu ba. Ya gan shi, ya so shi, ya ɗora shi a bango da salonsa.

Wannan na maza ke nan. Na mata yana can cikin ɗaki, kuma duk wadda ta taɓa bin 'yan jere gidan amarya ta san ba ƙaramin aiki ba ne. A da ƙorai ake jerawa, masu sassaƙa da ƙuna, da tasoshi da faya-fayai masu rini. Sai kwanuka masu fenti suka shigo daga ƙasashen waje, langa da fanteka da kumbo, aka riƙa ɗora su babba a ƙasa ƙarami a sama har su kusa taɓa rufi. Daga baya tangaran da kabad mai gilashi suka karɓe wurin. Kayan na waje ne, gaskiya, amma wanda ya ƙera kwanon a masana'antarsa domin cin abinci ya yi shi, bai taɓa tunanin zai zama adon bango ba. Matan Hausa ne suka mai da shi haka. Ku tsaya ku kalli gwanar jere wata rana: ta ɗora, ta ja baya, ta karkata kai, ta dawo ta sauya wurin kwano biyu saboda ja ya yi yawa a gefe guda. Abin da malamin zane ke koya mana a aji da sunan daidaito, ita tana yin sa ba tare da ta san yana da suna a littafi ba.

Wani abin mamaki, a birnin Meziko akwai gidan wata mai zane, Frida Kahlo, wadda ta rasu a 1954, gidan da ake kira Shuɗin Gida saboda launin bangonsa, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. Ɗakin girkinta shuɗi ne da rawaya, tukwanen ƙasa rataye a bango, har an jera wasu 'yan ƙananan tukwane sun rubuta sunanta da na mijinta. Mutane na bin layi su biya kuɗi su kalla. Mu dai da muka ga hoton, jere muka gani. A yankin Kuch na Indiya kuwa ɗakunan laka ne zagayayyu masu rufin ciyawa, kusan irin namu na karkara, mata na yi musu zanen farar laka a ciki suna dasa ƙananan madubai, yadda fitila guda za ta haskaka ɗaki kamar an kunna goma.

Na Maroko ya sha bamban, domin shi aikin birni ne kuma na lissafi. Ana kiransa zallij. A Fas ake haƙo yumɓu, a yi shi fale-fale, a shafa masa launi a gasa. Daga nan mai sana'a ya zauna da wata guduma mai kaifi yana sare kowane guntu da hannu: tauraro, lu'ulu'u, siririn layi. Sannan a jera guntayen a ƙasa a kife, fuskar mai launi tana kallon ƙasa, a zuba musu abin haɗi ta baya, sai ya bushe a ɗaga. Wato mai jerawa ba ya ganin launin da yake jerawa, a kansa yake riƙe da hoton. Makarantar Al-Attarin da aka gina a Fas tsakanin 1323 da 1325 tana da irin wannan ado a ƙasan bango, sassaƙen farin shafe da rubutun Larabci a tsakiya, katako sassaƙaƙƙe a sama. Domin ɗalibai irinmu aka gina ta. Duk wanda ke tambayar amfanin kamfas da kusurwa a darasin lissafi, ya nemi hoton wannan bango ya ƙirga tsinin taurarin. Shugaban masu wannan aiki "mu'allim" ake ce masa, kalmar da ta ba mu "malam". Kuma ba yau muka fara hulɗa da su ba: jar fatar akuyar Sakkwato da Kano ta daɗe tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma, Turawa suna sayenta da sunan fatar Maroko. Tumtum ɗin da ke falon gidanku yana da dangi a kasuwar Fas.

To yaya za mu kalli irin wannan ado in mun gan shi? Farko mu tambayi da me aka yi shi, domin amsar kan gaya mana irin ƙasar da itatuwan wurin. Sai mu ƙirga launukan. Za ku yi mamaki, ba su kai yawan da ido ke zato ba. Matan Kasena da uku suka cika bango. Abin da ke hana launuka masu ƙarfi faɗa da juna shi ne a raba su, ko da baƙin layi irin na Indebele, ko da siririn fari irin na zallij, a kuma bar wani fili babu komai domin ido ya huta. Ɗakin da aka cusa masa kowane launi ba tare da rabi ba, shi ne ke sa ciwon kai, ko a ƙauye yake ko a birni. Daga nan ku matso kusa ku nemi sawun hannu: layin da ya ɗan karkace, faifai biyu da saƙarsu ba ta zo daidai ba, wurin da rini ya fi kamawa. Takardar bangon kanti ba ta da wannan, furen da ke kanta guda ne aka buga sau dubu. Ba mu ce kada a saya ba, kuma ba mu ce kowa ya fasa tayil ya koma daɓe ba. Gidan ƙasa yana son gyara duk shekara, wanda ke cikinsa ya fi mu sanin wahalarsa. Abin da ya dame mu shi ne magina masu zanen tudu da kwari suna tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo, mu kuma da ya kamata mu je mu tambaye su muna nan muna dariya.

Saboda haka ga aikin da muka ba kanmu da ku. Duk wanda ya je gida hutun ƙarshen mako ya nemi abu guda na hannu da ke cikin gidan, ko faifai, ko tabarma, ko ƙwarya, ko zanen da ke bakin zaure. Ya tambayi wa ya yi shi, da me, kuma mene ne sunan zanen in yana da suna. Ya kwafe shi a takarda ya kawo wa sakataren ƙungiya, za mu manna mafi kyau guda biyar a fitowa ta gaba.

Maganar bangon allo kuwa an yanke ta. Hukumar makaranta ta ba mu izini, kuma launi uku za mu yi amfani da su. Muna neman jar ƙasa bokiti biyu, farar ƙasa bokiti guda, gawayi, gashin kaza ko na zabo, da ɓawon ɗorawa ga wanda gidansu ke da shi. Za a fara ranar Asabar bayan shara. Ɗan aji biyun nan mun je mun ba shi haƙuri, ya kuma yarda zai tambayo mana kakarsa kwana nawa take jiƙa makuba kafin ta shafa.