Yadda Ake Lissafin Girman Iskar Gas Idan Zafi Da Matsi Sun Canza

Iskar gas ba ta da tsayayyen girma. Ka danne ta, ta takure. Ka ɗumama ta, ta buɗe. Robert Boyle ne ya bayyana ɓangaren matsi a 1662, Jacques Charles kuma ya gano na zafi wajajen 1787, kodayake sai a 1802 Gay-Lussac ya wallafa shi. Da aka haɗa dokokin biyu, sai aka samu P₁V₁/T₁ = P₂V₂/T₂, inda P ke nufin matsi, V girma, T zafi, 1 kuma yanayin farko, 2 na ƙarshe. Har yau ina jin daɗin yadda ɗan layin nan ya tattara halin iska kaf.

Ga tambaya irin ta jarrabawar WAEC: iska ta cika 500 cm³ a zafin 27°C da matsin 750 mmHg. Nawa za ta cika a 0°C da 760 mmHg?

Jera alƙaluman farko a hagu, na ƙarshe a dama. Wannan kowa ya iya.

A wajen zafi ne gizo ke saƙar. Tilas a mai da shi Kelvin ta hanyar ƙara 273, wato 27 ya koma 300, sifili ya koma 273. Dalili kuwa, sifilin Celsius wurin daskarewar ruwa ne kurum, iska ba ruwanta da shi. Kelvin na farawa ne daga −273°C, inda sanyi ya kai maƙura, kuma da wannan ma'aunin girman iska ke tafiya. Na sha ganin ɗalibi ya ga an tashi daga 27°C zuwa 54°C, ya ce girma ya ninka. Ina! Daga 300 ne zuwa 327, ƙarin kashi 9 cikin ɗari kacal. A tambayarmu kuwa, wanda ya cusa 0 kai tsaye zai tarar wai iskar ta ɓace ɓat.

Sauran aikin ninkawa da rabawa ne: V₂ = (750 × 500 × 273) ÷ (760 × 300), wato kusan 449 cm³.

Ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. Masu hasashen yanayi ba sa cika balan-balan ɗinsu taf, don sun san tana hawa sama matsi na raguwa, tana kumbura har ta fashe.

Kafin ka ajiye biro, auna amsar da hankali. Matsi ya ƙaru, zafi ya ragu, duka biyun takure iska suke yi. In ka samu abin da ya haura 500, koma ka duba inda ka juya alƙaluman.